'Yan Aji Shida, Ku Daina Zaman Jiran "Ekspo"

Ƙannena 'yan aji shida, maza da mata, Allah Ya yi muku albarka. A makon nan aka saka jadawalin jarrabawar WAEC a zauren WhatsApp na wata makarantar sakandare, zauren da aka buɗe don sanarwa kawai: ranar biyan kuɗi, ranar gyaran suna, ranar gwaji a ɗakin kimiyya. Ko awa guda ba a yi ba zauren ya rikiɗe ya koma kasuwa. Babu wanda ya tambayi babin da malamin Lissafi bai ƙarasa ba. Tambayar kowa ita ce, "Wa ke da hanya?" Can sai ga wata baƙuwar lamba ta faɗo, wai a turo dubu uku a shigar da mutum wani zaure na musamman inda amsa ke sauka da tsakar dare. Kuma wallahi har da masu yi mata godiya.

To ku zauna ku ji yadda wannan cinikin yake, tunda kun ƙi tambaya. Yawancin masu sayar da ekspo ba su taɓa ganin takardar bana ba. Tambayoyin shekarun baya suke kwasowa, su goge shekarar, su ɗauki hoto dishi-dishi don ya yi kama da abin da aka sato a gurguje. Ka kwana kana haddace amsar tambayar da ba za ta fito ba, gari ya waye ka shiga ɗakin jarrabawa ido jajur, kai fanko, lambar kuma ta toshe ka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Idan ma an yi rashin sa'a takardar gaske ta fita, ku tuna abin da ya faru a watan Mayun 2025, lokacin da aka jinkirta takardar Turanci saboda fargabar ta ɓulla. Yara a jihohi da dama suka yi ta rubutu har dare, da tocila da hasken waya. Ɓarayi ƙalilan suka jawo, amma wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba duk suka sha.

A bar batun damfara, a ce amsar ta zo daidai. Kun san yadda ake duba takarda kuwa? Takardar Lissafi ta biyu tambaya 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, biyar na farko dole ne. Mai dubawa yana riƙe da tsarin ba da maki wanda ya raba makin hanya da makin amsa. Wanda ya kwafo amsar ƙarshe tsirara, babu matakan da suka kai shi gare ta, ya yi asarar makin hanya, kuma makin amsar ma ba ya tsayawa ba tare da hanya ba. Wanda ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe ya fi shi samun abin kirki. A Turanci kuma ana son insha'i mai kalma kusan 450, ana duba ma'ana, tsari, iya sarrafa harshe da kurakuran rubutu. Yanzu a ce yara arba'in sun rubuta wasiƙa iri ɗaya, da kuskuren harafi iri ɗaya a layi na uku, duk sunan kawunsu ɗaya. Ai ko makaho ya shafa ya san an yi aika-aika. Mai dubawa zai cike rahoto, a ware takardun, shi ke nan an shiga layin jira.

Ɓangaren zaɓi-ka-cike ma da kuke taƙama da shi, a yi ta raɗa "A, C, C, B" daga layin gaba zuwa na baya, an toshe wannan ƙofar. Daga 2025 WAEC ta fara jujjuya jerin tambayoyi a Turanci, Lissafi, Bayoloji da Tattalin Arziki. Tambaya ta bakwai a takardarka daban take da ta bakwai a takardar na kusa da kai. Ka kwafi nasa, ka ci sifili da hannunka, da fensirinka.

Sannan sakamako ya fito a ga an riƙe. A 2024 kaɗai sama da ɗalibai dubu ɗari biyu WAEC ta riƙe wa sakamako bisa zargin maguɗi. Sai kwamitin hukumar ya zauna ya bi rahoto ɗaya bayan ɗaya. Wani a soke masa darasi guda, wanda aka kama da waya a ɗakin jarrabawa yana iya rasa sakamakon gaba ɗaya, makarantar da aka samu da taron dangi kuma a janye amincewa da ita, ƙannenku su koma neman inda za su zauna tasu. Kafin a gama wannan shari'a jami'o'i sun rufe ɗaukar ɗalibai. Akwai kuma dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999, wadda ta tanadi tara da ɗauri, ba ta kuma ware ɗalibi don yana yaro ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne wasu iyayen da hannunsu a ciki. Uba ya ƙi sayen littafin tambayoyin baya, amma ranar da aka ce a kawo "kuɗin haɗin kai" don a sallami mai sa ido, jiki na rawa zai zaro. Wata uwar ta cire ɗanta daga makarantar da ake koyarwa, ta kai shi wata cibiya a bayan gari inda ake rubuta amsa a allo. Gobe shi ne zai tsaya a kanta da allura a asibiti. Malamin da ke karɓar wannan kuɗi kuma, Allah Ya shirye shi, ya sani Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma bai ce ban da ɗakin jarrabawa ba. Ban ma fara maganar masu kwana a TikTok ba, waɗanda tun yanzu sun tanadi farar riga da alƙalamin maka na ranar gama jarrabawa, a yi ta zane a jikin juna maza da mata a bakin titi. An shirya bikin, ba a shirya abin da za a yi wa bikin ba.

Mu ɗauka ma ka tsallake, ka fito da kiredit tara na aro. Kayan aro ba ya rufe katara. JAMB na jiranka: a duba zanen yatsanka a ƙofa, a zaunar da kai gaban kwamfuta, tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku. Babu malamin da zai leƙo ta taga. Mai A1 a Lissafi ya kasa warware lissafin aji uku, ranar wanka ta zo, cibiya ta fito fili. Wanda ya lallaɓa ya shiga jami'a kuma, tun shekarar farko ake yi masa rakiya zuwa ƙofa.

Maganin dai kun san shi, ku koma ga littafi, ku nemi malamanku, ku ji tsoron Allah. Kiredit biyar ake nema har da Turanci da Lissafi, kuma C6 ma kiredit ce. Wanda ya ci zomo ya ci gudu, ba a kuma fafe gora ranar tafiya.

Kai, zamani! Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta zama Barewa ta Zariya, ita ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, Turancin Tafawa Ɓalewa har Turawa na tsayawa su saurara. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa sun cika asibitocin ƙasar nan da likitoci, yaran ƙauye ne da suka yi karatun dare da fitilar ƙwai bayan an kashe janareta. A wancan lokacin wanda aka kama da 'yar takarda a safa, a taron safe ake kiran sunansa, kunyar ta bi shi har garinsu, mahaifinsa ya kasa zama a majalisa. Allon sanarwa kuwa sunayen zakarun aji ake liƙawa, ana turereniya a gani. Yau wanda ya ƙi kwafa shi ake kira wawa, wanda ya shigo da waya a cikin takalmi shi ne gwarzo.

A wancan zauren dai, sanarwar malamin Lissafi na nan, ya ce zai yi bitar tambayoyin baya kyauta ranar Asabar daga ƙarfe tara zuwa sha biyu. Saƙonnin masu neman hanya sun binne ta, sai mutum ya yi ta ja sama kafin ya gano ta. Mutum biyu ne suka amsa, ɗaya ma tambaya yake ko za a raba abin taɓawa.