Wa ya kai gizo-gizo tsakiyar teku?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da safe ina shanya wanki sai idona ya kai kan wani ɗan mitsitsin gizo-gizo, wallahi bai kai ƙwayar gero ba, ya hau can ƙarshen sandar da aka ɗaure igiya, ya miƙe ƙafafu kamar mai ɗage, ya ɗaga bayansa sama ya saki zare, kafin kace kwabo iska ta yi gaba da shi. Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu ina ta Subhanallah.

Ashe haka suke tafiya, ba fiffike ba komai. A 1832 wani Bature masanin halittu mai suna Darwin yana cikin jirgin ruwa kusan mil 60 daga gaɓar Ajantina, sai ga irin waɗannan 'yan gizo-gizon sun cika igiyoyin jirgin, a tsakiyar ruwa fa. Dutsen Krakatau na Indunusiya da yayi aman wuta a 1883 ya ƙone tsibirin ƙurmus, da aka koma dubawa a 1884 abu mai rai na farko da aka tarar ɗan gizo-gizo ne. Har 'yan ƙwarin nan masu tsotse ganyen tumatur da rogo, da ƙyar ido ke ganinsu, iska ce motarsu daga gona zuwa gona.

Abin da ya tsaya min a rai shine bawan Allahn nan baya faɗawa haka kawai. Sai ya wahala ya hau sama tukunna, ya ɗaga ƙafar gaba yana jin iska, in tayi ƙarfi ya haƙura ya jira. Masu bincike a jami'ar Bristol ta Ingila ma sun nuna a 2018 cewa gashin ƙafafunsa na jin lantarkin da ke cikin sararin sama. Amma da zarar ya saki zaren nan to shikenan, inda zai sauka ba a hannunsa yake ba, wasu kan ciyawa wasu cikin ruwa su halaka.

Mu kuwa fa? Wani yana kwance kan katifa har azahar yana danna waya wai Allah zai kawo, ko sandar bai hau ba. Wani kuma ya nema iya nema amma ya kasa sakin zaren, ba barci, hawan jini, ƙarshe a ganshi layin boka. Ni kaina na biyun nan yana kamani wani lokacin, ba zan ɓoye ba. Alhali Allah Ya faɗa a Suratu Hud aya ta 6 cewa babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta na wuyanSa, kuma Ya san matabbatarta.

Yau da na koma kwashe shanya na duba sandar, ɗan guntun zare kawai ya rage yana lilo.