Dusar ƙanƙara a Agege

Aikin da na ba ɗalibaina na darasin ƙagaggen rubutu ba wani mai wuya ba ne: shafi ɗaya a kan layin da kake kwana. Takarda 42 na kwaso, na fara dubawa a cikin danfo, motar haya ta Legas, go-sulo ya tsare mu a gadar Pen Cinema da ke unguwar Agege.

Jama'a, yaron da aka haifa a Agege ya rubuta min cewa dusar ƙanƙara na zuba a bakin tagarsa! Wace taga? Ina ƙamshin burodin da ke tashinsa da asuba, ina ƙarar jirgin ƙasan Ibadan, ina mai shayin bakin masallaci da ke cakuɗa Hausa da Yarabanci? Wata kuma babanta dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, kullum takalminta da jan ruɓaɓɓen tumatir, amma labarinta ya faru a Landan.

Bakwai daga cikin takardun ma jimlar farkonsu iri ɗaya ce, har waƙafi.

Na kira mai ƙanƙarar. Ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, ai layinmu ba abin rubutawa."