Riɗinmu yana Japan, yaranmu suna shan koko zalla

Duk wanda ya leƙa kasuwar Dawanau ko ta Maigatari bayan kaka zai ga buhunan riɗi jibge ana loda su a manyan motoci. Daga nan sai tashar jirgin ruwa, sai Japan da Sin da Turkiyya. Manomi ya samu kuɗinsa, Allah ya ƙara albarka. Abin da ke ci mini rai shi ne, gidan da aka kakkaɓe riɗin nan da wuya ka tarar an ware ko tiya ɗaya don tukunya.

Jama'a, kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne, irin man da ba ya daskarewa, wanda likitoci suka fi amincewa da shi ga zuciya. Kusan kashi 1 cikin 5 kuma sinadarin gina jiki ne. Giram 100 na riɗin da ba a cire wa ɓawo ba yana ɗauke da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi wajen miligiram 975, amma yawancinsa a ɓawon yake, don haka wanda aka surfa ya yi fari tas ya rasa kaso mafi tsoka. Ga sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini, abin da masu ciki da masu shayarwa suke nema ido rufe.

Ku haɗa shi da wake ku gani. Ɓangaren sinadarin gina jiki da ya yi wa wake ƙaranci yana cikin riɗi, wanda riɗi ya rasa kuma wake na da shi. Iyayenmu mata ba su buƙatar wani sabon girki: a tsince tsakuwa, a wanke, a soya sama-sama har ya fara tsalle a kasko yana ƙamshi, a daka, a zuba cokali biyu a kunun yaro ko a kaɗa a miya. Kantu ma yana da kyau, in dai ba a cika masa sukari ba.

Sai dai ina roƙon masu tallar man riɗi su ji tsoron Allah. Abinci ne mai kyau, amma kada a sa mai hawan jini ko ciwon sukari ya ajiye maganin asibiti saboda shi. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar riɗi sam, har Amurka ta wajabta rubuta shi a jikin kayan abinci tun 2023. Yaron da ya ci ya fara ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, a garzaya da shi asibiti nan take.