Na zamna jarabawa, sun ce ban zo ba

Wallahi yau raina ya ɓaci. Karo na huɗu ke nan ina barowa Yawuri zuwa makaranta kan magana guda, ga kuɗin mota tun da anka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san halin da ake ciki, in isa a ce mani jami'in jarabawa ya shiga mitin, in dawo sati mai zuwa. Da kuɗin uban wa?

Riyal Analisis ne fa, kwas mai yunit 3, wanda duk ɗan sashen lissafi ya san shi ne ke kada maza. Sati ukku na yi ina kwana aji da fitilar waya, sauro na cina ina fama da alamomin lissafin nan efsilon da delta, a ce ka tabbatar da abin da ido na gani ƙarara gaskiya ne amma sai ka cika shafi biyu kafin malam ya yarda. Ƙa'idar lissafi ta Bolzano-Weierstrass har cikin barci nike karanto ta. Ranar jarabawa na shiga, na sa hannu a takardar atendans, na ma karɓi ƙarin takarda don ta farko ta cika, wanda ya tsare mu da kanai ya ɗaure mani su da zare.

Sakamako ya fito, gaban lambata an rubuta ABS. Wai ban zo ba! To aljani ne ya zamna kujerata?

Na rubuta takardar koke ta hannun kodinetan aji zuwa ga shugaban sashe, anka ce in kawo fotokwafin rasit da fom ɗin rajistar kwas, na kawo. Sai anka ce fayil ya ɓace in sake. Na sake. Jiya kuma wani ke ce mani cikin sanyin murya, ɗalibi ka yi haƙuri ka ɗauke shi kari-oba kawai, wato ka sake kwas ɗin, ya fi maka sauƙi. Sauƙi ga wa? Kwas na zangon farko ne, ma'ana in ƙara shekara guda cur da sabon kuɗin rajista kan laifin da ba nawa ba, bayan wata 8 da yajin aikin 2022 ya cinye muna. Kuma duk wanda ya wuce shekara 30 kafin ya gama ba hidimar ƙasa, sai dai a miƙa mai takardar yafewa, ni ko yanzu 29 gare ni.

Mu da ake koya wa kada mu yarda da komi sai da hujja, sashen nan ya kasa buɗe ambulan guda ya duba sa hannuna.

Baba shinkafarshi ya sayar ya biya wanga karatu, ɗazu yana tambayata yaushe za a tura mu kam ɗin hidimar ƙasa, na rasa mi zan ce mashi. Litinin zan koma, kuma tabarma zan tafi da ita in shimfiɗa bakin ofishin.