Kolumbus bai taɓa taka jihohin Amurka ba

Ɗalibai da yawa kan shiga ajin tarihin Amurka a shekarar farko ta jami'a da abu guda a kai: wai Kolumbus ne ya gano ƙasar a 1492, daga nan labari ya fara. Ba haka ba ne. A watan Oktoba na shekarar, a wani tsibiri ya sauka a yankin Bahamas. Tafiya huɗu ya yi, ya ga Kuba da gaɓar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, amma ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta taka ƙasar da ta zama jihohi hamsin na yau ba.

Kalmar "ganowa" ita ta fi damuna. Ta yaya za a gano gidan da masu shi ke ciki? Kusa da birnin St. Louis na yanzu, a tsallaken kogin Misisifi, akwai kufan Kahokiya. Wajen shekarar 1100 dubban mutane ne ke zaune a can, suna noman masara, suna fatauci da wurare masu nisa. Da kwanduna suka yi ta dakon ƙasa har suka tayar da tudu mai tsayin kusan mita 30, wanda yake tsaye har yau.

Ko a cikin Turawa, Sifaniyawa sun riga Ingilishi: sun kafa St. Augustine a Florida a 1565, shekara 42 kafin Ingilishi su kafa nasu garin Jamestown a 1607.