Wa ke duba aikin ɗalibi a karatun intanet?

A nan Ingila inda nake zaune, jami'ar Open University da ke Milton Keynes ta daɗe tana koyar da mutane daga nesa. An kafa ta a 1969, ta fara da rediyo da talabijin na BBC da littattafan da ake aikawa ta gidan waya, yau kuma kusan komai ya koma intanet. Kayan aiki sun sauya, amma ba ta saki abu guda ba: kowane ɗalibi yana da malaminsa. Malami ɗaya kan riƙe ɗalibai kimanin ashirin, ya karanta abin da kowa ya rubuta, ya mayar masa da gyara a rubuce, ya nuna masa inda hujjarsa ta yi rauni. In ɗalibi ya yi shiru, akwai mai neman sa.

A gida Najeriya muna da NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Ta buɗe ƙofa ga ma'aikata da matan aure da ba za su iya zaman makaranta ba, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai aikin gidan da ake ba ɗalibai galibi tambayoyin canki-canka ne, kwamfuta ke ba da maki. Kwamfuta za ta ce ka faɗi, amma ba za ta ce maka ga inda fahimtarka ta karkace ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. A karatun zaure, ɗalibi kan zauna gaban malam ya biya karatunsa, malam ya gyara masa, ba a ƙara masa sai ya iya.

Kwaikwayon laccar bidiyo kai tsaye ta awa biyu ma kuskure ne. Ɗalibar da ke Azare ko Gusau, wuta ba tabbas, data ga tsada, za ta fice kafin a yi nisa. A ba ta gajeren sauti na minti goma da za ta sauke ta ji lokacin da ta samu sarari, a sa ta cikin ƙaramin rukuni a WhatsApp, a ba su tambayar da sai sun yi musu a kanta, kowa ya turo amsarsa da murya ko a rubuce, malami ya amsa cikin mako.

Wannan yana buƙatar ɗaukar malamai da biyan su, a nan kuɗin yake. Don haka in NUC, hukumar kula da jami'o'in Najeriya, ta zo tantance irin waɗannan kwasa-kwasai, ta fara da tambayar ɗalibai nawa ne a hannun kowane malami, kuma kwana nawa ɗalibi ke jira kafin a mayar masa da aikinsa.