Yanzu kara ma sai an saya? Sharhi kan sana'ar ƙullin aikin hannu na yara a Damagaram

Ranar da na fara ɗaure karan dawa da zare da 'yan ƙyallaye cikin sashe, wato 'yar leda, nace zan saida, uwar mijina tana zaune bisa tabarma tana kallona, can sai tace "ke 'yar nan, yanzu kara ma sai an saya?" Nace mata Inna ai yaran yanzu basu da inda zasu tsinto shi. Bata ƙara cewa komai ba amma na san bata gamsu ba, kuma gaskiya tambayar tata ita ce tambaya mafi nauyi da duk wadda zata shiga wannan sana'a ya kamata ta amsa ma kanta tun kafin ta kashe ko dala.

Ga wanda bai san abin ba, ƙullin aikin hannu shine ka haɗa ma yaro duk abinda zai buƙata don ya ƙera wani abu da hannunsa, mota ko 'yar tsana ko ɗan faifai ko jigida, ka yanka ka auna ka zuba a sashe ɗaya da 'yar takarda mai nuna yadda ake yi. Masu faransanci na ce masa kit, ni dai ƙulli nake cewa. Ina koyarwa a lakwal da safe, ina da yara huɗu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba, kuma shekara biyu kenan ina wannan abu a gefe, don haka abinda zan faɗa daga kayena na lissafi ya fito.

Inna tana da gaskiya ta wani gefen. Mu da muka tashi a garin nan babu wanda ya taɓa saya mana abin wasa, da kaka kara na zube ko'ina, mu ɓare bayansa mu soka a cikin nan nasa mai taushi mu yi mota da tabarau, maza su bi bola su tsinto gwangwani da waya su yi motar langa-langa harda sitiyari, da damina kuma a kwaso yumɓu a bakin tabki a gina shanu da raƙuma, mu mata mu samu totuwar masara mu ɗaura mata zane mu yi mata kitso. To amma ki duba yaron da ke zaune yau a gidan haya ɗaki biyu a Sabon Gari ko can sabbin unguwannin bayan gari, uwa ta tafi aiki uba ya tafi aiki, an kulle ƙofa saboda babura da motoci, gona tayi nisa, shi kansa karan yanzu kuɗi ne tunda masu dabbobi na sayensa ɗauri-ɗauri suna ajiya don rani. Abinda ya rage a hannun yaron nan shine wayar uwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, jariri kuwa kada ma a bashi, amma wace uwa ce zata iya riƙe wannan in bata da wani abu da zata miƙa masa a madadin wayar lokacin da take tuƙa tuwo? Ni nan naga kasuwar take. Uwar da ke bani sefa 500 ta san kara ba tsada, abinda take biya shine yawon da na yi na nemo, da yankan da na yi, da awa guda ko biyu da ɗanta zai zauna shiru yana haɗa abu ita kuma ta samu ta gama aikinta.

Kuma yara ba kaɗan bane. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce tafi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, sama da mutum miliyan 3 da rabi, kuma kusan rabin 'yan ƙasar nan basu kai shekara 15 ba. Masu buƙata dai akwai su, masu iya biya ne kaɗan, zan dawo kan wannan.

Inda nake da ja da 'yan uwana mata da suka fara shiga harkar shine wajen kaya. Da yawa abinda suke yi shine su aika Kano a sayo masu duwatsun roba da ƙyalƙyali da soso mai launi, duk 'yan Sin, su zo su rarraba a ƙananan sashe su ɗora riba. Nima haka na fara. Kano wajen kilomita 240 ce daga nan, ana ganin kamar kusa, amma duk wanda yake garin nan a 2023 ya ga yadda aka rufe boda bayan juyin mulkin watan Yuli, kaya suka tsaya wata da watanni, wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya ya ninka kuɗi, ga canjin naira da sefa da yau yana nan gobe yana can. A lokacin na zauna da oda a hannu babu abinda zan zuba a sashe. Bayan haka ma, duk abinda kika sayo a Kano mai butik ɗin bakin Kasuwar Dole zai iya sayo irinsa da kwali-kwali ya saida ƙasa da naki, ke da kike sayen dozin biyu ba zaki taɓa kamo shi ba.

Abinda mai butik ba zai iya ba shine ya zauna ya haɗa ƙulli da kayan nan gida. Ƙyallen da tela ke sharewa ya zubar, musamman sati biyun kafin sallah lokacin da ɗinki yayi yawa, in kika je kika ce Malam don Allah a tara min, sau da yawa kyauta ne ko ɗan abin goro. Guntayen fata wajen dukawa, garin nan kuwa kowa ya san shi da aikin fata. Kaba da ake saƙa tabarma da faifai, a rina ta ja da kore. Yumɓu, ga Mirya nan kusa damu garin maginan tukwane. Ƙaro, wanda malaman allo ke sawa a tawada tun kaka da kakanni, in aka jiƙa shi a ɗan ruwa ya zama abin manna takarda da ƙyalle, kuma baya da warin nan na kwal ɗin kanti mai hawa kai. Ni busasshe nake sawa a ƙulli, yaro ya jiƙa da kansa, don in kika dama shi ko kika dafa na fulawa kwana kaɗan zai yi tsami. Ƙullin da yafi tafiya a wajena ma shine wanda na zana dagi da irin zanen bangon tsofaffin gidajen Birni bisa kwali, yaro ya bi layi ya manna guntayen ƙyalle kala-kala, wata uwa ta turo min murya tace ɗanta da suka wuce ta wajen fada ya tsaya yana nuna bango yana cewa Mama ga irin nawa. Wallahi ranar naji daɗi har cikin raina.

To sai maganar lokaci, wadda ita ce tafi damuna don ita ce ke kashe sana'ar mata da yawa ba tare da sun gane ba. Mace mai yara bata lissafa wahalarta. Zata ce na sayi kaya na 200 na saida 500 na ci 300, shikenan, bata sa daren da ta raba tana yanka da sizo ba bayan ta kwantar da yara, wani lokacin ma da fitilar waya saboda an ɗauke kuran, ga asuba zata tashi taran ruwa in pampo ya zo, in bai zo ba a jira ɗan garuwa. Bari in baki lissafi na. Ƙulli 20 a 500 jika 10 kenan. Sashe da zare da ƙaro da fotokopi su ci kamar jika 4. Saura 6. Cire kiredin waya da kike ɗora hoto a WhatsApp, cire ɗan kabu-kabun da ya kai ki kasuwa ya dawo dake, cire biyu ko uku da aka ɗauka bashi wanda ke ma kin san ba zai dawo ba tunda ƙawa ce ko 'yar uwar miji. Abinda ya rage ki raba shi da awoyin da kika zauna. Watan farko da na yi wannan lissafin tsakani da Allah naga mai tuyan ƙosai a ƙofar lakwal ɗinmu ta fini samu a awa nesa ba kusa ba.

Ban bari ba, tsarin na canza. Na daina karɓar odar "yi min irin kaza guda ɗaya", na tsaya kan iri uku kawai. Na daina yi kullum, sai ranar Alhamis da yamma in shiga kasuwa, Asabar in zauna in yanka na mutum 30 ko 40 a zama guda, don hannu in ya saba da yanka iri ɗaya gudu yake. Na daina kaiwa gida-gida saboda kuɗin babur zuwa unguwa mai nisa zai iya cinye ribar ƙulli biyu, yanzu ana karɓa a gidana ko wajen wata mai butik da nake ba ɗan kaso, na nesa kamar Tanut ko Magarya su turo kuɗi ta Nita ko Amana in ba direba a tasha in sun haɗa oda mai yawa. Sannan na koyi lokutan shekara. Babban hutu daga Yuli zuwa Satumba shine kakar wannan sana'a, sai hutun ƙarshen Disamba da kwanakin sallah. Oktoba kuwa kar ma ki wahalar da kanki, kowa na fama da kaye da bik da kuɗin lakwal. Kara da kaka ake tara shi a ɗora bisa wani abu saboda gara, yumɓu kuma da damina baya bushewa da wuri sai yaro ya gaji da jira.

Akwai abu biyu da bana sassauci a kansu. Na farko lafiyar yaro. Duk abinda yake ƙarami da zai shige baki, duwatsu, maɓalli, 'yan ƙananan batir masu kama da kwabo, maganaɗisu, kada ya shiga ƙullin ɗan ƙasa da shekara 3, kuma ki tuna gidajenmu ba a raba yara, kin saida ma ɗan shekara 8 amma ƙaninsa mai rarrafe yana gefensa. Ni na daina sa duwatsu ƙanana gaba ɗaya saboda haka. Kada a sa reza, kada a sa allura mai tsini, bayan kara ma yana yanka yatsa shi yasa nake ɓarewa da kaina in kankare bakin. Fentin da ake shafa ma ƙofa da ƙarfe ba na yara bane, wani yana da dalma a ciki kuma dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Kuma ki rubuta shekaru a jikin sashe, ki faɗa da baki ma, don ba kowace uwa ke karanta faransanci ba, ni zane nake yi mataki-mataki sannan in tura murya da Hausa.

Na biyu, kada sana'ar da aka ce don yara ake yi ta koma ɗora ma 'yarki tire. Na ga wadda ta fara da kyau, da kasuwa ta buɗe sai ga 'yarta 'yar aji huɗu tana yawo da ƙulli a ka lokacin da 'yan ajinsu ke cikin aji. Yarana suna taya ni, sune ma masu gwadawa, in babbar ta kasa gane zanen na san sai na sake, in na tsakiyan ya tashi ya bar abin kafin ya gama na san yayi wuya ko yayi tsawo. Amma talla a'a.

Na ce zan dawo kan masu iya biya. Wani abokin aikina yace min Madam wannan ai sana'ar 'ya'yan ma'aikata ce, mai neman na tiyar gero ina zai ga 500 na wasa. Gaskiya ya faɗa kuma abin na ci min rai. Abinda na iya yi shine na fito da ƙarami na dala ashirin, wato sefa 100, kara da zare da ƙyalle biyu, ribarsa kusan babu, kuma bana ɓoye yadda ake yi, duk yaron unguwa da ya leƙo ranar Asabar ina bashi ragowar yanka ya zauna ya yi nasa. Maƙwabta biyu sun kwaikwaya sun fara nasu, da farko naji zafi, daga baya muka zauna muka raba, ɗaya ta riƙe na kaba don ta fini iya saƙa, muna sayen sashe tare ya fi sauƙi. Jarin ma ba na banki bane, daga asusun mata na unguwa na ɗauka, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi tun 1991, jika 15 na ara na biya cikin wata uku.

Inna har yanzu bata yarda a karɓi kuɗin jikokin maƙwabta ba, in suka zo ita ke miƙa masu ta ce in rubuta a kanta. Amma ita ce ta nuna min yadda suke yi ma 'yar tsana gashi da zaren baƙi su kitsa shi tun suna yara, abinda ni na manta, kuma shi zan sa a ƙullin hutun bana. Na riga na aika ƙauye a ajiye min ɗauri biyar na karan dawa mai kauri kafin masu shanu su kwashe, saura in samu inda zan jingine shi a gidan nan da ruwa ba zai taɓa ba.